Kiɗa da Waƙa Cikin Tarihin Neman Lafiya a Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun

A bakin Bahaushe kalmar lafiya tana da faɗi ƙwarai. In mutum biyu suka gamu a hanya, sai an tambayi lafiyar jiki, a tambayi ta gida, a tambayi gajiya da aiki da ruwa, kana a shiga maganar da ta kawo su. Ƙasar da ba yaƙi cikinta a kan ce tana zaune lafiya. Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara aiki cikin 1948, tsarin da aka kafa ta a kansa ya bayyana cewa lafiya ta haɗa daidaituwar jiki da ta hankali da ta zaman jama'a, rashin cuta kaɗai bai isa a kira mutum lafiyayye ba. Wannan ma'ana kuwa manomin Bakura ya riga ya san ta tun kaka da kakanni.

A zamanin nan likitocin ƙasashen Turai da Amurka sun mai da hankali ga amfanin kiɗa da waƙa da zane da gidajen kayan tarihi wajen jiyya. Cikin 2018 likitoci a birnin Montreal na ƙasar Kanada suka fara rubuta wa marasa lafiya takardar zuwa gidan ajiye zane-zane kyauta, kamar yadda a kan rubuta takardar magani. Cikin watan Nuwamba na 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fid da rahoto wanda ya tattara rubuce-rubucen bincike fiye da 900, ya nuna cewa waƙa tana taimakon masu ciwon huhu da mata masu baƙin ciki bayan haihuwa, rawa tana taimakon masu ciwon karkarwa, kiɗa kuma yana farfaɗo da tunanin tsofaffin da ruɗewa ta kama. Wannan takarda za ta bi tarihin garuruwa uku na ƙasar Zamfara, domin a ga yadda kiɗa da waƙa suka yi irin wannan aiki a can, da inda aka ajiye su, da abin da ya sami ma'ajin.

Ƙasar da Mutanenta

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna yammacin Zamfara, a kwarin Gulbin Sakkwato. Maradun tana wajen sama, Bakura tana wajen gangare, Mafara kuwa tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Sarautunsu na gargajiya su ne Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. A zamanin Turawa duka uku gundumomi ne na Lardin Sakkwato. Suka shiga Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, da Jihar Sakkwato cikin 1976, har aka yanki Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996.

Arzikin ƙasar ya dogara ga tudu da fadama. A tudu a kan shuka gero da dawa da auduga da damina. In gulbi ya cika ya malala, ya janye, sai a bi laimar da ya bari a yi shinkafa da rogo da dankali da albasa, masunta kuma su bi tafkuna. Kowane aiki daga cikin waɗannan yana da lokacinsa, yana da taronsa, galibi kuma yana da kiɗansa.

Zamanin Bori

Kafin jihadi, har ma bayansa a ƙauyuka da yawa, in ciwo ya ƙi jin saiwa da sassaƙe, musamman ciwon da ya taɓa hankali, ko shanyewar gaɓa, ko yawan ɓari, sai a ce iska ce. Maganin iska a wurin 'yan bori shi ne girka. A kan keɓe majinyaci cikin ɗaki kwanaki, a hannun uwar girka ko uban girka, ana ba shi jiƙo da hayaƙi, makaɗa kuma suna zuwa da garaya ko goge da buta, mata suna kiɗan ƙwarya. Kowace iska tana da takenta da kirarinta da kayanta waɗanda a ke kira tsere: na Malam Alhaji dabam, na Sarkin Rafi dabam, na Kuturu da na Inna dabam. Ran fita sai a yi taro a fili, majinyaci ya fito gaban jama'a. A. J. N. Tremearne ya rubuta littafi kan bori cikin 1914, Fremont Besmer kuma ya bayyana makaɗan bori na Kano cikin 1983, tsarin da suka kwatanta kuwa ya yi kusa da juna a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Malaman Musulunci sun yi hukunci a kan aƙidar bori tun da daɗewa, suka ce shirka ce. Amma mai nazarin tarihi yana iya duban abin da ido ke gani cikin girka, ko da bai gaskata da iskokin ba. Mutumin da ciwo ya raba da mutane, ya kwanta a ƙuryar ɗaki ana gudunsa, sai ga shi an ba ciwonsa suna, an sa masa ranar farawa da ranar gamawa, an taru dominsa dare da rana, daga ƙarshe kuma ya sami ƙungiyar da za ta riƙa neman sa muddin ransa. Ga matar da kishi ko rashin haihuwa ya ƙuntata wa, wannan babban abu ne. Kiɗa shi ne ya ke kiran taron, shi ne kuma ya ke riƙe shi.

Zamanin Malamai

A ƙarshen shekarun 1780 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shiga Zamfara yawon wa'azi, ya yi wajen shekara biyar, ya zauna a Faru, wadda ta ke cikin ƙasar Maradun. Ƙanensa Abdullahi ya ambata cewa sun iske jahilci ya yi yawa a ƙasar. Bayan jihadin 1804 Shehu da Abdullahi suka yi rubuce-rubuce kan hukuncin kiɗa, suka saɓa a waɗansu wurare, Abdullahi ya fi tsanantawa. Amma a kan bori bakinsu ɗaya.

Abin lura shi ne, malaman nan ba su bar marasa lafiya hannu sake ba. Daga cikin abokan Shehu akwai Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi, kusa da Mafara. Ya yi rubutu da Larabci kan magani da asirin sunayen Allah, ya kuma yi waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ma ya wallafa littattafai kan ɗibbu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa cikin 1793 ta rasu cikin 1864, ta tattara fa'idojin surorin Alƙur'ani wajen neman waraka, ta kuma kafa ƙungiyar 'yan taru. A kowane yanki ta kan naɗa jaji, watau dattijuwar da za ta jagoranci mata, ta ba ta malfa da rawani. Matan su kan zo wurinta su haddace waƙoƙi, su koma ƙauyukansu su koyar, su kuma taimaki masu haihuwa da marasa lafiya, su yi wankan gawa.

In aka gwada 'yan taru da 'yan bori sai a ga an kawar da garaya da iskoki, an bar abu biyu: murya mai rerawa, da taron mata wanda ke da shugaba da ranar haɗuwa. Malaman jihadi sun gane cewa wadda aka hana ta girka tana bukatar wani wurin da za ta kai kukanta. Haka kuma rubutun sha da laya da allon zayyana suka sami gindin zama. Allon da aka ƙawata wa yaro ran saukar Alƙur'ani aikin hannu ne na gwani, kuma abin alfahari ne ga gida duka.

Turawa sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, hukumarsu kuma ta hana yin bori a fili. Daga baya asibitoci da ɗakunan shan magani na En'e suka zo, sai mutane suka riƙa haɗa hanyoyi: a je wa malam, a je wa wanzami, a je wa likita, wani kuma a asirce ya nemi mai garaya. Bayan Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci cikin 2000, bori ya ƙara ja da baya, ruƙiyya ta maye gurbinsa a wurare da yawa.

Gangar Noma da Kotson Fada

Ba majinyaci kaɗai ke bukatar kiɗa ba. Mai lafiya ma yana bukatarsa domin ya ɗauki nauyin aiki. A wurin gayya samari su kan jeru da hauya ko garma, makaɗin noma yana biye da su da ganga, yana kiran kowa da kirarinsa da na ubansa. Saran hauya yana bin sautin ganga, sai aikin da zai ci wa mutum ɗaya mako ya ƙare kafin la'asar. Gayya kuwa a kan yi wa suruki, a kan yi wa mai gari, a kan kuma yi wa wanda ciwo ya kwantar da damina, don kada iyalinsa su kwana da yunwa baɗi. A cikin gida mata suna da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno. A bakin dutsen niƙa mace ta kan faɗi, cikin habaici, abin da ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido, ta sauke abin da ke ranta ba tare da an kai ga alƙali ba.

Daga cikin wannan kiɗan noma manyan makaɗan ƙasar suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo an haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, gidansu kuwa sun yi kiɗan noma kafin su tsaya ga na fada. Ɗanƙwairo ya yi amshi a bayan mahaifinsa, sa'an nan a bayan wansa Abdu Kurna, kana ya zama shugaban ƙungiya. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, da sarakuna da yawa na Arewa, ya rasu cikin 1991. Sa'idu Faru, mutumin garin nan da Shehu ya zauna, shi ma makaɗin kotso ne, ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Maccido tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi cikin 1996.

Waƙar fada yabo ce, amma cikinta akwai jerin sarakuna da iyayensu, da sunayen garuruwa da gulabe da duwatsu, da yaƙe-yaƙen da aka yi, da halin da a ke so ga shugaba. Talaka da ya ji an ambaci ƙauyensu cikin waƙa ya san yana da asali, yana da wuri cikin duniya. Saboda haka ana iya cewa gidan tarihin Mafara da Bakura da Maradun, shekaru aru-aru, shi ne ƙirjin makaɗi da na 'yan amshinsa. Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna cikin 1962 aka ɗauki muryoyinsu a faifai, daga baya kaset ya yaɗa su, yanzu kuma suna cikin wayoyin hannu. David Ames da Anthony King sun fid da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya tattara tarihin makaɗa masu yawa. Amma galibin abin da aka ɗauka na fada ne. Gangar noma da waƙar niƙa ba su sami wannan gata ba.

Madatsar Bakolori

Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, da niyyar noman rani a filayen Mafara da Bakura da Maradun. Tafkin da ya taru ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi mutane dubbai zuwa sababbin matsugunai. A filin noman rani aka baje gonaki da katafila, aka sare itatuwa, aka shafe iyakoki. A gangare kuwa malalar da fadama ta dogara gare ta ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, kamar yadda W. M. Adams ya nuna cikin bincikensa. Manoma suka nemi diyya, suka tare hanyoyi, har ran 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, mutane da yawa suka mutu. Bjorn Beckman ya rubuta tarihin wannan rikici.

Masu lissafin asarar Bakolori su kan ƙidaya gonaki da gidaje da itatuwan amfani, likitoci kuma su ambaci tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ke bin ruwan kwance a kowane filin noman rani. Akwai wata asara da ba ta shiga takardar diyya. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa, da kukar da a ke taruwa a gindinta, da maƙabartar kakanni, da gonar gandu wadda a ke yi wa gayya, duk suna riƙe da waƙoƙinsu. In wurin ya nutse, ko an raba maƙwabta, wannan gabas wannan yamma, waƙar ba ta da inda za a rera ta. Aikin ƙodago da na inji suka rage gayya, injin niƙa kuma ya kashe dutse da waƙarsa. Ba wanda zai ce a komar da mata ga wahalar niƙa, amma ya kamata a san abin da ya tafi tare da dutsen.

Gidajen Kayan Tarihi

Ajiyar kayan tarihi irin ta zamani ta fara a Nijeriya da Kenneth Murray, wanda aka ba aikin kula da kayan da cikin 1943. Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952, na Ikko ya biyo cikin 1957, na Kanta a Argungu cikin 1958, na Yamai a Nijar cikin 1959. A Kano akwai Gidan Makama, a Sakkwato kuma akwai ma'ajin tarihi mai sunan Waziri Junaidu, inda a ke adana littattafan malaman jihadi. An kafa waɗannan gidaje domin tsare kaya daga ɓata da sata, da kuma koyar da 'yan makaranta. Tambari da sulke da takobi suna bayan gilashi, mai ziyara ya duba ya wuce.

A daidai wannan lokaci, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari cikin 1954. Ya sauke masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya, suna shan maganin likita suna kuma zaune cikin jama'a, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya. Daga baya gidajen tarihi na waje suka ɗauki irin wannan tunani: cikin 2012 na birnin Liverpool a Ingila suka fara fito da tsofaffin kayan gida, suna sa su a hannun tsofaffin da ruɗewa ta kama, domin taɓa abin da mutum ya sani tun yana yaro ya kan buɗe bakinsa. Darasin shi ne, kayan tarihi sun fi amfani ga lafiya in an fid da su daga gilashi, an kai su wurin mutanen da suka san su.

Abin da ke Gaban Malamai

Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zamfara. Cikin shekara guda, 2021, garuruwan nan uku kowanne ya ɗanɗana: cikin Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, cikin Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, cikin Satumba aka kwashe ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Ƙauyuka da yawa suka watse, mutanensu suka kwarara cikin manyan garuruwa. Wannan tashi na biyu ya fi na Bakolori muni, gama wancan ruwa ne ya kore su, wannan kuwa tsoro ne. Yaron da ya kwana a daji a hannun ɓarayi, da tsohuwar da ta bar ɗakin da ta yi aure a ciki, suna ɗauke da ciwon da awon jini ba ya nunawa. Asibitin masu taɓin hankali na Kware yana can kusa da Sakkwato, likitocin wannan fanni kuwa kaɗan ne a Arewa duka.

Dole ne a faɗi iyakar abin. Cikin 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, maganinta kuwa shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba da ƙwayoyin da ke fid da dalma daga jini. Ganga ba ta kashe tsutsar tsargiya, ba ta ƙosar da yaro mai tamowa, ba ta korar ɗan bindiga. Wanda ya ce tana yi ya cuci marasa lafiya. Aikin kiɗa da waƙa a tarihin ƙasar nan wani ne dabam: su ne ke fid da mutum daga kaɗaici, su tuna masa asalinsa, su haɗa hannuwa a kan aiki guda.

Wannan aiki yana kusa da malaman kwalejojin horon malamai da na sassan Hausa fiye da kowa. A Talata Mafara akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, ɗaliban yankin kuma suna cikin jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya, kusan kowannensu da wayar da ke ɗaukar murya. Tsofaffin da suka yi gayya a fadamar Bakura kafin 1974, da waɗanda suka san tsohuwar Maradun kafin ruwa, da matan da suka iya waƙar niƙa, sun haura shekara sittin, da yawansu kuma suna zaman gudun hijira a gidajen dangi. In ɗalibi ya zauna gaban ɗayansu da gangar noma ko dutsen niƙa ko allon zayyana, ya ce a gaya masa sunan kowane abu da waƙarsa, an sami riba biyu: tarihi ya shiga ma'aji, tsohon kuma ya ga har yanzu akwai mai bukatar abin da ya sani. In an mai da abin da aka ɗauka cikin aji, yaran da aka raba da ƙauyukansu za su ji sunayen garuruwansu a bakin kakanninsu. Ɗaki guda a makaranta ko a fada ya isa a fara, muddin ana buɗe shi, ana taɓa kayan, ana rera waƙoƙin.

Nana Asma'u da ta ga mata sun rasa wurin kai kuka, ta ba su jaji da waƙa. Bukatar da ta gani tana nan a Mafara da Bakura da Maradun, masu riƙe da waƙoƙin kuwa suna raguwa kowace damina. Allah ya ba ƙasar lafiya da zama lafiya, amin.